Dodon da Ya Nemi Haƙƙinsa: Tsokaci Kan Littattafan Temeraire

Ina farawa da gode wa Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya ba ɗan Adam hankali da harshe, tare da neman tsira da aminci ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, 'yan'uwa, yau zan yi tsokaci ne kan wani littafin ƙagaggen labari na Turawa, wanda ba malami ya rubuta shi ba, marubuciyarsa kuma ba Musulma ba ce. Na san wani zai ce me ya haɗa kifi da kaska. Dalilina shi ne matasanmu suna karanta irin waɗannan littattafai a wayoyinsu da kwamfutocinsu, ko mun yi magana ko mun yi shiru, kuma na lura sun kasu gida biyu. Akwai masu karantawa a ɓoye, zuciyarsu na raya musu cewa saɓo suke yi. Akwai kuma masu haɗiye duk abin da suka samu ba tare da taunawa ba. Ra'ayina shi ne duka ɓangarorin biyu suna bukatar ma'auni, kuma ma'aunin yana nan cikin addininmu. Bari mu gwada shi a kan littafi guda.

Wane littafi ne?

A shekarar 2006 wata Ba'amurkiya mai suna Naomi Novik, haifaffiyar birnin New York a 1973, ta fitar da littafinta na farko mai suna His Majesty's Dragon. A Ingila an buga shi da sunan Temeraire, wanda shi ne sunan da aka fi sanin jerin littattafan da shi. Guda tara ne, na ƙarshensu League of Dragons ya fito a 2016.

Abin da ta yi shi ne ta ɗauki yaƙe-yaƙen Napoliyon, waɗanda Faransa ta gwabza da Ingila da ƙawayenta tsakanin 1803 da 1815, ta bar sarakuna da jiragen ruwa da garuruwa a yadda tarihi ya san su, sannan ta ƙara abu guda: dodanni masu fukafukai, irin waɗanda Larabawa ke kira tinnin. A duniyar littafin dodannin nan suna magana, suna da hankali, kuma su ne rundunar sama ta kowace ƙasa. Don mai karatu ya gane zamanin, labarin ya fara ne a 1805, wato shekara guda bayan hijirar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo daga Degel zuwa Gudu.

Jarumin labarin, William Laurence, kyaftin ne na wani jirgin ruwan yaƙin Ingila mai suna Reliant. Ya kama wani jirgin Faransa, sai aka tarar da ƙwan dodo a cikinsa yana gab da ƙyanƙyashewa. Al'adar ita ce dodo yakan zaɓi mutum guda tun ranar da ya fito, ya kuma riƙe shi har mutuwa. An yi ƙuri'a ta faɗa kan wani ƙaramin hafsa, amma da dodon ya fito sai ya wuce shi, ya je ya yi wa Laurence magana. Daga ranar Laurence ya rasa jirginsa, da matsayinsa a idon manyan gari, da yarinyar da yake fatan aura, domin mahaya dodanni mutane ne da ake yi wa kallon ƙasa-ƙasa. Ya raɗa wa dodon suna Temeraire, sunan wani jirgin yaƙin Ingila na gaske. Daga baya aka gane ƙwan kyauta ce daga Sarkin Sin zuwa ga Napoliyon.

Shin ya halatta a karanta abin da bai faru ba?

Wannan ita ce tambayar farko, kuma ba ta raini ba ce. Akwai malamai da suka ƙi ƙagaggun labarai, suna kafa hujja da hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, wanda ya yi narko ga mai shirya ƙarya don ya ba mutane dariya. Wasu malaman kuma suka ce ƙarya ita ce ka ba da labari kana son a gaskata shi alhali ka san ba haka yake ba. Amma idan mai faɗa da mai saurare duk sun san misali ake bugawa, to ba a yaudari kowa ba. Ni wannan fahimta ta biyu na fi karkata gare ta, tare da girmama masu ta farkon, kuma ga dalilaina.

Na farko, tarihin karatunmu cike yake da irin wannan. Ibnul Muƙaffa ya fassara Kalila wa Dimna zuwa Larabci tun ƙarni na 8 Miladiyya, inda diloli da zaki da sa suke zance kamar mutane. Hariri na Basra, wanda ya rasu a 1122, ya ƙagi Abu Zaid Assaruji da Harisu bin Hammam, kuma littafinsa na Muƙama yana cikin manyan littattafan lugga da ake karantawa a zaurukan malamanmu. Ba mu ji an tashi wani ɗalibi daga zaure don yana karanta labarin mutumin da ba a taɓa haifa ba.

Na biyu, a Hausa ma ba baƙon abu ba ne. Gandoki na Malam Bello Kagara, wanda ya fito a 1934, ya fara ne da yaƙin Turawa na gaske, sannan ya ɗauki jaruminsa ya kai shi ƙasar aljannu. Ashe haɗa tarihi da tatsuniya da Novik ta yi, an riga ta yi da harshenmu da shekara saba'in da biyu.

Na uku, Abu Dawuda ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya ga doki mai fukafukai cikin kayan wasan Nana A'isha (RA), ya tambaye ta, ta kafa masa hujja da dawakin Annabi Sulaimanu (AS), sai ya yi dariya har haƙoransa suka bayyana. Hadisin yana magana ne kan kayan wasan yara, ban ce nassi ne a kan littattafai ba. Amma yana nuna mana cewa gidan Annabta bai firgita da dabbar da tunani ya sawwara ba.

Saboda haka abin dubawa shi ne me labarin yake shukawa a zuciya, kuma me yake cinyewa na lokaci. A nan ne zan tsaya kan darussa biyu da na ga sun cancanci a yi magana a kansu.

Darasi na farko: abokin tafiya ne ko kayan aiki?

A Ingilar littafin, dodanni dukiyar gwamnati ce. Ana kwantar da su a fili, ana ciyar da su don su yi yaƙi, ba wanda ke tambayar ra'ayinsu. Laurence ya shigo bai san al'adar ba, sai ya riƙa yi wa Temeraire abin da zuciyarsa ta ga ya dace: yana wanke shi bayan ya ci abinci, yana kwana kusa da shi, yana karanta masa littattafai da dare har da na lissafi, waɗanda shi kansa ba ya fahimta sosai.

A gefe guda kuma akwai wani ƙaramin dodo mai kai saƙo, Levitas, wanda mahayinsa Kyaftin Rankin, ɗan babban gida, ba ya ko leƙa shi sai in zai hau. Dodon nan kullum yana zaune yana jiran ubangidansa, yana ba shi uzuri. Ranar da ya dawo da munanan raunuka bayan ya ɗauko labarin shirin Faransawa, Rankin yana ɗaki yana hutawa, sai da Laurence ya je ya jawo shi da ƙarfi ya durƙusar da shi gaban dodon don ya faɗa masa kalma mai daɗi kafin ya cika. A ganina duk littafin babu wurin da ya kai nan nauyi.

Mai karatu, wannan bai tuna maka komai ba? Abu Dawuda ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya shiga wata gona ta wani mutumin Madina, sai wani raƙumi ya gan shi ya kama kuka, idanunsa na zubar da hawaye. Ya shafa shi har ya natsu, ya nemi mai shi, ya yi masa faɗa da ya ji tsoron Allah game da dabbar, domin ta kai ƙarar cewa yana barin ta da yunwa yana kuma wahalar da ita. Bukhari da Muslim sun kawo labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, da na mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare. Aya ta 38 a Suratul An'am ta sanar da mu cewa dabbobi da tsuntsaye al'ummomi ne kamar mu. A ƙarni na 10 ma, marubutan nan na Basra da ake kira Ikhwanus Safa, duk da cewa malamai suna da maganganu kan aƙidarsu, sun rubuta doguwar ƙissa inda dabbobi suka kai ƙarar 'yan Adam gaban sarkin aljannu kan bautar da su da ake yi.

To mu da muke da wannan gado, ina muka kai shi? Dubi jakin da ake ɗora wa yashi har ƙafafunsa na rawa, ga gyambo a baya, ana kuma bin sa da sanda. Dubi kajin da ake ɗaure wa ƙafa a rataye su kai ƙasa a bayan babur, tun daga ƙauye har birni cikin rana. Dubi shanun da ake cusawa a tirela kwana da kwanaki ba ruwa. Kuma zancen bai tsaya kan dabba ba, domin dodannin Novik sun fi kama da mutanen da ke ƙarƙashin ikon wasu. A littafi na biyu, Throne of Jade, jirginsu ya bi ta gaɓar Afirka ta Yamma a hanyar zuwa Sin, ya tsaya a Cape Coast da ke Ghana ta yau, Temeraire ya ga yadda ake cinikin bayi. Da suka isa Sin kuma ya tarar dodanni suna yawo cikin gari, suna karatu, suna da gidaje da dukiyar kansu. Sai ya fara tambayar da ba a so: in haka ne, mene ne bambancin matsayinsa a Ingila da na waɗancan bayi? Laurence, wanda mahaifinsa ma yana cikin masu fafutukar hana cinikin bayi, ya rasa amsa, domin bai taɓa kallon abin ta nan ba.

Wannan shi ne abin tsoron: mutumin kirki ne, yana ƙaunar abokinsa, amma bai ga zaluncin da ake yi masa ba saboda ya tashi ya tarar ana yi. Haka muke da yarinyar aikin da ke tashi kafin kowa ta kwanta bayan kowa, ba makaranta, kuɗin aikinta ma wata ke karɓa. Haka muke da almajirin da ke yi mana wanki a ba shi ɗumamen da ya fara tsami. Haka muke da yaron shago da ya shekara goma ba a sallame shi ba. Alhali a hadisin Abu Zarri (RA) da ke cikin Bukhari da Muslim an kira masu yi mana hidima 'yan'uwanmu, aka umarce mu da mu ciyar da su daga abin da muke ci, mu tufatar da su daga abin da muke sawa, kada mu ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu. Rankin bai taɓa dukan Levitas ba. Laifinsa shi ne ko-in-kula, kuma shi ne laifin da ya fi yawa a gidajenmu.

Darasi na biyu: ina iyakar biyayya?

A littafi na huɗu, Empire of Ivory, wanda ya fito a 2007, wata annoba ta kama dodannin Ingila. Bayan wahala mai yawa aka samo maganin a kudancin Afirka. Sai manyan gwamnati suka yi dabara: suka tura cutar cikin dodannin Faransa da gangan, suka riƙe maganin, da nufin ta kashe su, ko da kuwa za ta bazu ta hallaka na sauran ƙasashe. Temeraire ya ce ba zai zuba ido ba. Laurence, sojan da bai taɓa saɓa umarni irin wannan ba, ya ɗauki maganin ya kai wa abokan gaba. Napoliyon ya yi masa tayin zama cikin daraja, ya ƙi, ya komo gida da ƙafarsa ya miƙa wuya. Aka yanke masa hukuncin kisa a kan cin amanar ƙasa, daga baya aka mayar da shi kora zuwa Ostareliya.

Wani zai ce ai wannan cin amana ne ƙarara, yaya za a yabi sojan da ya taimaki maƙiyi ana tsakiyar yaƙi? Maganar tana da nauyi, kuma littafin kansa bai sauƙaƙa ta ba, domin a littafi na biyar Napoliyon ya tsallako ya mamaye Ingila, mutane suka mutu, Laurence ya ɗauki nauyin abin a zuciyarsa. Musulunci ma ya tsananta kan biyayya ga shugabanni da cika alkawari. Amma ya sa iyaka. Bukhari ya ruwaito labarin kwamandan da ya fusata ya sa a hura wuta, ya umarci rundunarsa su shiga, suka ƙi. Da labari ya kai ga Annabi (SAW) sai ya gaskata su, ya bayyana cewa biyayya tana cikin abin da yake na alheri ne kawai. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa wasiyyar Sayyidina Abubakar (RA) ga rundunar Sham, inda ya hana kashe mata da yara da tsofaffi, da sare itatuwa masu 'ya'ya, da yanka dabbobi in ba don ci ba. Aya ta 8 a Suratul Ma'ida kuwa ta gargaɗe mu kada ƙin wasu mutane ya sa mu bar adalci. Wanda aka hana shi sare itacen abokin gaba, yaya za a halatta masa sakar masa annoba?

Abin da ya fi burge ni shi ne dawowar Laurence. Bai mayar da ƙin bin umarni ɗaya ya zama tawaye ga ƙasarsa ba, bai kuma gudu daga sakamakon abin da ya zaɓa ba. Matashi Musulmi yana bukatar ya riƙe wannan bambanci da kyau. Ƙin sa hannu a zalunci daban, ɗaukar doka a hannu daban. Mafi yawanmu ba za a taɓa ba mu umarnin yaƙi ba, amma za a ce mu ƙara sifili a takardar kuɗi, ko mu canza sakamakon jarrabawa, ko mu yaɗa ƙazafi a kan wani don ba ɗan ƙungiyarmu ba ne. A nan ake gane wanda ya san iyakar biyayya.

Inda ya kamata a yi hattara

Kada yabon nan ya sa a ɗauka littafin tsarkakakke ne. Akwai abubuwa huɗu da nake jan hankali a kansu.

Na ɗaya, ɗabi'un mutanen ciki ba namu ba ne. Giya abin sha ce ta yau da kullum a teburinsu. Laurence yana tare da wata kyaftin mai suna Jane Roland ba da aure ba, kuma an kawo abin kamar ba komai. Haɗarin ya fi yawa idan wanda ya aikata mutumin da ka riga ka so ne, domin zuciya takan nemo masa uzuri, daga nan ta saba.

Na biyu, akwai aƙidun da suka saɓa wa tauhidi. A daular Tswana ta cikin littafi na huɗu, ana ɗaukar dodanni a matsayin kakanni da suka sake dawowa duniya. Wanda ya san aƙidarsa zai karanta ya wuce. Yaron da bai gama Ahalari da Ƙawa'idi ba kuwa, a fara gina masa tushe tukuna.

Na uku, kada a ɗauki tarihi daga bakin mai tatsuniya. A littafin, Nelson ya tsira daga yaƙin Trafalgar, alhali a gaskiya a nan aka kashe shi ranar 21 ga Oktoba 1805. Napoliyon na littafin mutum ne mai kwarjini da karamci. Amma Napoliyon na tarihi shi ne ya mamaye Masar a 1798, sojojinsa suka shiga masallacin Azhar da dawakai lokacin da mutanen Alƙahira suka yi bore a watan Oktoba na shekarar, kamar yadda malamin tarihi Abdurrahman Aljabarti, wanda ya rayu a lokacin, ya rubuta. A 1799 kuma aka kashe dubban fursunoni a Yafa da umarninsa. Wanda ya karanta littattafai tara kan dodannin Turai bai san wannan ba, karatunsa ya karkace.

Na huɗu, lokaci. Littafi tara ba wasa ba ne, kuma irin labarin nan ne da ke hana barci. Duk littafin da ya sa ka makara sallar Asuba, ko ya sa mako ya wuce ba ka buɗe Alƙur'ani ba, ya zama fitina a gare ka ko da abin da ke cikinsa halal ne. Gishiri ne, ba a yin tuwo da shi.

Kammalawa

Matsayina a taƙaice shi ne: baligi mai hankali, wanda ya san farillansa kuma yake kiyaye lokutansa, babu laifi ya karanta Temeraire, da sharaɗin ya shiga da ma'auninsa a hannu, ya ɗauki na ɗauka ya zubar da na zubarwa. Wanda kuma zuciyarsa ba ta natsu ba ya bari, bai yi asarar komai na addini ba, kuma kada ɗayansu ya zargi ɗaya.

Abin da nake roƙo shi ne, wanda ya ji tausayin Levitas har idonsa ya ciko, to ya rufe littafin ya duba gidansu. Ya tambayi sunan almajirin da ke yi musu aike da garin da ya fito. Ya bincika ko yarinyar aikinsu tana zuwa makaranta, kuma hannun wa kuɗinta ke shiga. Ya duba ko an ba ragon da ke ɗaure a rana ruwa. Levitas ba zai tsaya da kowa gaban Allah ba, domin ba a taɓa halittarsa ba, amma waɗannan za su tsaya, kuma Muslim ya ruwaito cewa ranar nan har tunkiya marar ƙaho sai an karɓar mata haƙƙinta daga mai ƙaho.

Allah Ya sa mu cikin masu jin magana su bi mafi kyawunta, Ya yafe mana haƙƙoƙin bayinSa da muka tauye da sani ko da jahilci.